Sunan Kasuwa da Sunan Yanka: Nazarin Lamarin Wata Mai Zane a Garwa

Wadda wannan nazari ya shafa matar aure ce a Garwa da ke arewacin Kamaru, Bahaushiya, mai yi wa ƙwarya ado da wuƙar da aka gasa a wuta, aikin da matan kwarin Binuwai suka daɗe da shahara a kansa. Da kasuwa ta buɗe sai ta ƙara zane da fenti a kan ƙyalle, ta kuma fara sayo jemammiyar fata daga Marwa tana ba baduku ya ɗinka mata jakunkunan hannu, ita kuma ta zuba musu irin adon ƙwaryar. Ba ta da shago. Cinikin duka a waya yake: hoto a WhatsApp da Instagram, tayi da saƙon murya, kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo, kaya kuma a ba motar haya ta kai Ngaundere, Yawunde ko Kuseri, inda masu saye daga Njamena ke tsallako gada su karɓa. Tana da 'yan masu saye kaɗan a Yola.

Da laƙabi take kasuwancin, ba da sunanta na yanka ba, kuma dalilanta na guje wa sunan yankan masu nauyi ne. Dangin mijinta sun yarda ta yi sana'a, amma ba su yarda sunan matar gidansu ya riƙa yawo a intanet haɗe da lambar waya ba. Sunan kuma na kowa ne, in aka neme shi a Facebook mata barkatai za su fito. Sannan rubutunsa iri biyu ne: wanda ke kan katin ɗan ƙasa bisa ƙa'idar Faransanci, da wanda ita take rubutawa da Hausar boko. Neman laƙabi daidai ne a halinta. Inda aka samu tangarɗa shi ne laƙabin da ta ɗauka, da kuma barinsa da ta yi ba takarda ko ɗaya da ta ɗaure shi da ita.

Sunan farko da inda ya gaza

Ta fara da "Sarauniyar Ƙwarya", sunan da ƙawaye suka laƙaba mata. A bakin Bahaushe yana da daɗi. A wajen aiki kuwa ya gaza ta fuskoki da yawa, kuma kowace gazawa da sanadinta.

Instagram ba ya karɓar ƙ, ɗ ko ɓ a sunan shafi. Haruffan Turanci, lambobi, ɗigo da layin ƙasa kawai yake ɗauka, kuma kada su wuce 30. Don haka shafinta ya zama "kwarya" ba ƙugiya, katin da take saƙalawa a kaya kuma yana da ƙugiya. Mai saye daga Duwala da ya ji sunan a baki bai san ta inda zai fara rubuta shi ba. Wanda ya gan shi a rubuce kuma ya karanta "au" ta "Sarauniya" a matsayin "o", kamar yadda Faransanci ya koya masa. Sunan da mai saye ba zai iya faɗa wa abokinsa ba, ba ya kawo mai saye na biyu, alhali sana'ar hannu a bakin mutane take tafiya.

Sai tsawo. Haruffa 16 ne. Hatimin da ake bugawa a kusurwar jaka ko gindin ƙwarya faɗinsa bai cika wuce santimita 3 ba, kenan kowane harafi bai kai milimita 2 ba in aka jera su layi ɗaya. A kan fata suna cushewa, a kan ƙwarya kuwa wuta na haɗe su su zama baƙin tabo. Ta daina sa hatimi gaba ɗaya, kayanta suka riƙa fita ba alama. Dillalai suka ɗauki hotunanta suna talla da su, ba abin da ke nuna hannun wa ya yi aikin.

Sunan ya kuma ɗaure ta da ƙwarya a lokacin da jakunkuna da zanen ƙyalle suka fara fin ƙwaryar kawo kuɗi. Kalmar sarauta ma ta jawo magana. A masarautun arewacin Kamaru sarautun sana'a irin su Sarkin Fawa da Sarkin Shanu sarautu ne na gaske, Lamiɗo ne ke naɗa masu su. Matasa a intanet ba su ɗauki wannan da nauyi ba, amma manyan mata na unguwa sun ɗauka, kuma su ne masu sayen ƙwaryar kayan ɗakin amare. Mai son kiran kansa sarkin wani abu a garin da ke da fada, ya fara tambayar dattawa.

Abin da ya tilasta mata tsayawa ta yi gyara shi ne kuɗi. Layin wayar da take karɓar kuɗi da shi, da katin ƙanin mijinta aka yi masa rajista, don shi aka aika ya sayo. Duk wanda zai turo kuɗi, kafin ya danna lambar sirri sai wayar ta nuna masa sunan mai layin. Mai saye ya yi ciniki da "Sarauniya", ya ji muryar mace, sai ga sunan namiji. Waɗanda suka san ta sun tura. Baƙi kuwa, musamman na Yawunde da Duwala da suka saba jin labarin damfara ta waya, suka riƙa janyewa ba sallama, kuma su ne masu manyan oda.

Daga wa ake ɓoyewa?

Kafin a nemi sabon suna, wannan ce tambayar da aka fara warwarewa, kuma a ganinmu ita ce mafi yawan masu zane ke tsallakewa. Ɓoye suna hawa uku ne. Akwai jama'ar intanet da masu saye na nesa. Waɗannan laƙabi na iya tsare su sarai. Akwai 'yan unguwa da dangi. Waɗannan ko an ɓoye za su sani, domin baduku ya sani, yaron da ke kai kaya tasha ya sani. Sai hukuma: ofishin haraji, kotun da ke riƙe da rajistar kasuwanci, kamfanin waya, banki. Waɗannan ba a ɓoye musu, kuma duk ƙoƙarin ɓoye musu kan mai sana'ar yake komawa. Matar da ba ta cikin takarda ba ta da asusu, ba ta da hujja a gaban alƙali, ba ta da abin da za ta bar wa magada.

Da aka zauna da maigidanta aka faɗa masa haka dalla-dalla, sai ya bayyana abin da dangin ke gudu shi ne hawa na farko kawai: suna da fuska a gaban duniya. Ba su da ja a kan sunanta ya shiga fom na gwamnati. Wannan ya sauƙaƙa komai.

An kuma kawo shawarar da aka saba kawowa a irin wannan gida, wato a yi dukkan rajista da sunan maigida ko na wani yaya, don alkunya. Muna ganin wannan ita ce hanya mafi haɗari, ko da zaman lafiya ya kai ina. A dokar OAPI, hukumar ƙasashen Afirka da ke yi wa alamomin kasuwanci rajista a Kamaru, alamar kasuwanci ta wanda ya fara shigar da takardar nemanta ce. In sunan miji ke kai, tasa ce. Ranar da ya rasu ta shiga cikin gadonsa, a raba ta da kishiya da 'ya'yan wani ɗaki da iyayensa. Ranar da aure ya mutu kuma ta fita ta bar sunan da hannunta ya gina. Ba zargin kowa ake yi ba, haka takarda take aiki.

Yadda aka tankaɗe sunaye

An ce suna linzami ne, don haka ba a bar zaɓin ga daɗin baki kaɗai ba. Ta rubuta sunaye 14 daga abubuwan da suka shafi aikinta da gidansu: launuka, tsuntsaye, kayan aiki, sunayen salon zane da ta koya wurin kakarta. Aka bi su da gwaji ɗaya bayan ɗaya, aka fara da wanda ba ya cin kuɗi.

Gwajin farko na ƙugiya ne. Duk sunan da ke da ƙ, ɗ, ɓ ko 'y, a rubuta shi ba ƙugiya a ga me ya zama, domin haka zai fito a shafi da adireshin imel. "Ƙasa" tana cikin jerinta, saboda jar ƙasar da take haɗa launi da ita. Ba ƙugiya ta koma "kasa", macijiya ko gazawa. "Baƙi" ya koma "baki". Duka biyu suka fita. Akwai kuma batun furuci: Fulatanci, wanda shi ne harshen kasuwa a Garwa, Marwa da Ngaundere, yana da ɓ da ɗ amma ba shi da ƙ, kuma masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu kan mayar da "ts" ta zama "s". Sunan da ya dogara da waɗannan sautuka zai samu furuci biyu a gari ɗaya.

Gwaji na biyu shi ne mafi muhimmanci ga duk mai sana'a a Kamaru ko Chadi, kuma ɗan Kano ko Zariya bai san da shi ba. Masu saye sun yi makaranta da Faransanci, da ƙa'idarsa suke karatu da rubutu. Sautin da Hausar boko ke rubutawa "u" su "ou" suke rubutawa, shi ya sa ake ganin Garoua da Maroua a allon hanya. "Sh" tamu "ch" ce a wurinsu, "c" tamu "tch", "j" tamu "dj". "S" tsakanin wasula biyu "z" suke karanta ta sai an ninka ta, kamar a Moussa. "E" a ƙarshen kalma ba sa furta ta in ba alama a kanta. Saboda haka "Shuni", wanda ta fi so a jerin, mai saye zai neme shi da "Chouni" ya rasa. "Zane" zai karanta shi "zan", "Lalle" kuma "lal". Mafita ita ce sunan da aka gina da haruffan da ƙa'idojin biyu suka yarda a kansu: wasulan a, i, o, da baƙaƙe irin su b, d, f, k, l, m, r, t. Kalmomi irin "Fitila" da "Marmaro" misali ne na siffar da ake nema, ana rubuta su iri ɗaya ko a wace makaranta mutum ya zauna.

Na uku, ma'ana a wasu harsuna. "Kaka" ta sa a jerin don tunawa da wadda ta koya mata aikin, ga shi ya tsallake gwaji biyu na farko. Amma a kunnen mai jin Faransanci daidai yake da kalmar da yara ke kiran bayan gida. Ya fita nan take. Sauran aka karanta wa Bafulatana, da Balarabiyar Shuwa mai jin Larabcin Chadi, da wani ɗan kudu, aka tambayi kowa ko sunan ya yi kama da zagi, ko batsa, ko sunan wata ƙabila da ake tsokana. Wannan tambaya baki da baki ake yin ta, kuma a zaɓi masu faɗin gaskiya, don mai kunya zai ce ba komai.

Wani malami da aka tuntuɓa ya cire suna ɗaya da ke da lafazin sunan Allah a ciki. Hujjarsa a fili take: sunan zai hau jakar da ake ajiyewa a ƙasa, da leda da kwalin da za a yar a bola. Mai zane ya kuma kiyayi ɗaukar ɗaya daga cikin sunayen Allah kyawawa, irin su Al-Musawwir, a matsayin laƙabi don ya ga ma'anarsa ta kusanci sana'arsa.

Sunaye huɗu suka rage. Aka nemi kowanne a Facebook, Instagram, TikTok da Google, da rubutun boko da na Faransanci, sannan a rumbun alamomin kasuwanci na WIPO, hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, da ake dubawa kyauta a intanet. Biyu suka faɗi, domin kalmomin Hausa masu daɗi da sauƙi galibi an riga an ɗauka, ko mai sayar da atamfa a Kano ko mai abinci a Yamai. Ƙara lamba ko layin ƙasa a bayan sunan da wani ya riƙe ba gyara ba ne. Mai saye zai manta lambar ya faɗa shafin wancan.

Gwajin ƙarshe na kunne ne, tunda cinikin da murya ake yi. Aka tura saƙon murya ga mutum goma masu harsuna daban-daban, an ambaci sunan sau ɗaya tak a cikin magana, ba a rubuta ba. Washegari aka ce kowa ya rubuto abin da ya ji. Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne takwas cikin goma su rubuta daidai; ƙasa da haka a sake. Ɗaya daga cikin biyun ya wuce. Kalma ɗaya ce, gaɓa uku, haruffa shida, sunan wani salon zane na gidansu da ba kowa ya san shi ba. Ba ya nuna mace ko namiji, ba ya nuna ƙwarya ko fata, ba sunan gari a ciki. Ba za a rubuta shi a nan ba, tunda manufarsa ke nan kada a haɗa shi da labarin gidanta.

Rashin ambaton kaya ko gari yana da amfani na doka. OAPI ba ta yi wa alamar da bayanin kaya kawai take yi rajista, domin kalmar ta kowa ce. Wanda ya kira kansa "Zanen Garwa" ba zai iya hana maƙwabcinsa mai zane a Garwa faɗin haka ba. An kuma haramta tutoci da tambarin ƙasa a cikin alama, abin da masu haɗa tambari ke yawan mantawa.

Ɗaure laƙabi da mai shi

Nan ne aikin gaske yake, kuma an bi shi daga mai arha zuwa mai tsada.

Farko, rana guda aka kama sunan a duk shafuka, har waɗanda ba ta amfani da su, da adireshin imel, kafin a faɗa wa kowa. Imel ɗin da lambar da ake dawo da shafi da ita nata ne, ba na yaron da ya taya ta buɗewa ba. A Facebook shafin kasuwanci aka buɗe, domin ƙa'idar kamfanin ita ce asusun mutum ya ɗauki sunansa na gaskiya, kuma in aka rufe asusu mai laƙabi aka nemi kati, ba katin da zai dace.

Na biyu, takarda shafi ɗaya da Faransanci: ni wance, mai kati lamba kaza, ina sa hannu a ayyukana na zane da suna kaza tun ranar kaza. Aka manna samfurin hatimi da sa hannun laƙabin, aka sa tambur aka kai hukuma ta tabbatar da sa hannu. Kwafi ɗaya a wurinta, ɗaya a gidan iyayenta. Duk kwangila ko rasit na babban ciniki kuma yana ɗauke da sunan katin, sai kalmar "dite", wato "wadda ake kira" da Faransanci, sai laƙabin. Kwangilar da laƙabi kaɗai ya sa wa hannu tana ba ɗaya ɓangaren ƙofar musu.

Wannan 'yar takarda tana da nauyin da ba a zato. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru, mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000, tana kare aikin mai zane tsawon rayuwarsa da shekara 50 bayan rasuwarsa, ba tare da sai ya yi rajista ba. Amma ƙa'idar Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, wadda Kamaru da Chadi duka suke ciki, ta bambanta aikin da aka fitar da laƙabi: in ba a san ko wane ne mai laƙabin ba, shekara 50 ɗin daga ranar fitar aikin ake ƙirga su, in laƙabin bai bar shakka a kan mai shi ba, ko mai shi ya bayyana kansa, sai a koma lissafin rayuwa. A ɗauka ta fitar da zane tana da shekara 30, ta rayu zuwa 75. In an san ita ce, kariyar za ta kai shekara 50 bayan rasuwarta. In ba a sani ba, za ta ƙare shekara 5 bayan rasuwar. Shekara 45 ke nan na haƙƙin magada ya rataya a kan hujjar da ke nuna wace ce. Ƙungiyar da ke kula da haƙƙin masu zane da sassaƙa a Kamaru, SOCADAP, wuri ne da ya kamata a shigar da sunan yanka da laƙabi tare. A Chadi ofishin BUTDRA ke wannan aiki. A lura, salon zanen gargajiya da aka gada ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Abin da yake nata shi ne tsarin da ta haɗa da hannunta.

Na uku, rajistar kasuwanci. Kamaru da Chadi duka suna ƙarƙashin dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, rajistar 'yan kasuwarsu kuma ita ce RCCM. Gyaran da aka yi wa dokar kasuwanci a 2010 ya kawo matsayin "entreprenant" ga ƙananan masu sana'a, wanda sanarwa kawai yake buƙata. Ita dai ta zaɓi rajistar "établissement", wato gidan kasuwanci na mutum ɗaya, ta CFCE, cibiyar rajistar sababbin kasuwanci da ke Garwa, saboda fom ɗin yana da gurbin sunan da ake kasuwanci da shi, kuma takardar da ke ɗauke da sunayen biyu ita ce abin da take nema. Ta samu lambar haraji ta NIU. Da waɗannan ta sayi sabon layi da katinta, ta nemi asusun ɗan kasuwa a kamfanin waya, irin wanda ke nuna wa mai biya sunan kasuwanci. Kafin asusun ya fito, duk wanda zai biya sai ta riga ta gaya masa: "Hajiya, sunan da za ki gani a waya sunana ne na kati, haruffansa na farko kaza." Faɗa kafin a tambaya yana kashe zargi. Ta kuma shiga rajistar masu sana'ar hannu a ofishin magajin gari, bisa dokar sana'o'in hannu ta 2007, wadda ke sauƙaƙa shiga baje koli irin SIARC na Yawunde.

Na huɗu, OAPI. Hedkwatarta a Yawunde take, Yarjejeniyar Bangi ta 1977 ce ta kafa ta, kuma rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, ciki har da Kamaru, Chadi da Nijar. Abu biyu ne a nan, ana yawan rikita su. "Nom commercial" yana kare sunan da gidan kasuwancin ke amsawa, kuɗinsa kaɗan ne. "Marque" tana kare alamar da ke kan kaya, ita ce ke ba da ƙarfin hana wani buga sunanki a jakarsa, kuɗinta kuma ya kai dubban ɗaruruwan sefa. Kowanne shekara 10 yake yi a sabunta. Ana neman marque ne rukuni-rukuni cikin rukunai 45 na tsarin Nice, wanda ake rarraba kaya da ayyuka da shi a duniya: jakunkunan fata suna rukuni na 18, zane a ƙyalle ko takarda na 16, tufafi na 25. Kowane ƙarin rukuni ƙarin kuɗi ne, kuma alamar da aka bari shekara 5 ba a yi amfani da ita ba ana iya neman a soke ta, don haka ba a tara rukunai don kwaɗayi. Bayan an wallafa buƙatar a mujallar hukumar, BOPI, akwai wata uku da duk mai ja zai iya shigar da ƙorafi.

Wannan wallafar sai an faɗa wa mai neman sirri tun farko: BOPI na fitar da sunan mai nema da adireshinsa, RCCM ma ana iya duba ta. Wanda ya nace zai gano. Mai son ƙarin labule na iya kafa kamfanin SARL, wato kamfani mai iyakantaccen alhaki, na mutum ɗaya, wanda OHADA ta yarda da shi, kamfanin ya riƙe alamar; amma wannan yana zuwa da ɗawainiyar lissafi da haraji da ta fi ƙarfin ƙaramar sana'a. Ita da maigidanta sun ga masu karanta BOPI lauyoyi ne da 'yan kasuwa, ba samarin intanet ba, suka amince. Ta yi nom commercial nan take, ta sa marque a rukuni na 18 a cikin adashin shekara.

Hatimi da sauyin suna

Maƙerin fari ya yi mata hatimin tagulla mai faɗin santimita 3, haruffa shida, kowanne kusan milimita 5, an sassaƙa su a juye don su fito daidai. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana karɓar hatimi da kyau in an ɗan jiƙa ta aka bar ta ta sha iska kafin a buga. Busasshiya ba ta riƙe shaida, jiƙaƙƙiya sharkaf kuma tana kumbura ta shafe ta. A ƙwarya ana gasa hatimin a gwada a kan sakaina tukuna, a ɗora a ɗaga ba jinkiri, kuma kusa da baki ta ciki ya fi gindi, domin gindi na gogewa da ƙasa. A ƙyalle tana sa hannu da fentin aikin kafin a shafa man kariya, a baya kuma ta rubuta laƙabi, shekara da lambar aiki. Lambar tana cikin littafi mai ɗauke da kwanan wata, awo, farashi da garin mai saye, hoton kowane aiki kuma yana ajiye a imel ɗinta. Littafin nan shi ne hujjar wanda ya riga amfani da suna in an yi jayayya.

Tsohon shafin Instagram ba a rufe shi ba, suna aka canza masa, don mabiya su zauna. Tsohon sunan kuma da ya saku aka yi maza aka buɗe ƙaramin shafi da shi mai hoto ɗaya da ke nuna sabon wuri. In aka bar shi, ɗan damfara na iya ɗauka ya karɓi kuɗin kafin alƙalami daga tsofaffin masu saye. Wata shida sunayen biyu suna tafiya tare a kati da bayanin shafi, sannan aka sauke tsohon. Manyan masu saye da muryarta ta sanar da su, ɗaya bayan ɗaya, domin muryar suka sani.

Abin da ya rage

Mata na unguwa har yanzu da tsohon sunan suke kiranta, kuma ba a yi yunƙurin hana su ba, tunda su ba ta intanet suke nemanta ba. Dillalai ba su daina ɗaukar hotuna ba, sai dai yanzu hatimin na fitowa a jikin kayan, kuma tana ɗaukar hoto ta kusurwar da yanke shi zai ɓata hoton.

Babban giɓin yana yamma, wajen Yola. Najeriya ba ta cikin OAPI, saboda haka duk takardun nan ba sa aiki da zarar kaya sun tsallaka iyaka. Can sai an nemi rajista daban a ofishin alamomin kasuwanci da ke Abuja, inda wa'adin farko shekara 7 ne, sabuntawa kuma 14, galibi ta hannun wakili. Cinikinta na Yola bai kai ya biya wannan ba tukuna. Abin da aka tsayar shi ne ta riƙa ware cinikin Najeriya a shafinsa daban cikin littafin, ranar da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da take samu a shekara, ko wani ɗan kasuwa na can ya nemi ya riƙa sarar jakunkunan da yawa, a shigar da takardar Abuja kafin a aika kayan farko.